TSOHUWAR MOTA DA SABON FENTI: INA MAFITA IDAN AIBI YA BAYYANA?

Babu ranar da ta kai ta karɓo mota daga wurin mai fenti daɗi ga mutumin da ya daɗe yana tara kuɗi domin ya mayar da tsohuwar motarsa yadda take a zamanin ƙuruciyarta. Motar takan fito tana ɗaukar ido, har mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙofa, a biya cikon kuɗin aiki, a yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Amma sau da yawa wannan murna ba ta yin nisa. Bayan mako uku ko wata biyu sai a wayi gari a ga ƙananan ƙuraje sun feso a kan bonet, ko wani zane ya fito a gefen ƙofa daidai inda aka cike lotsawa, ko kuwa ƙyallin nan ya dushe kamar an yi wa motar turaren toka. Daga nan sai cacar baki ta tashi, mai mota yana cewa an cuce shi, mai fenti kuma yana rantsuwa lafiya lau ta bar hannunsa.

Abin da ya sa maganar take da nauyi shi ne, irin waɗannan motoci ba kamar sauran ba ne. Galibi gado ne daga mahaifi, ko kuwa motar farko da ma'aikaci ya saya da rancen gwamnati tun yana saurayi, ya ƙi rabuwa da ita. Fenti na ƙwarai, wanda za a kankare mota har ƙarfe a sake gina shi daga tushe, yakan lashe albashin watanni. In aikin ya ɓaci, kuɗi sun tafi, kuma wani lokaci ƙarfen motar ma yana ci gaba da ruɓewa a ɓoye. Saboda haka ya kamata mai mota ya iya rarrabe aibin da ya tsaya a fata da wanda ya kai ga ƙashi, ya san wanda ke da alhakin kowanne, sa'an nan ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

MOTOCIN DA AKE MAGANA A KAI

Ƙungiyar duniya ta masu kula da motocin tarihi, watau FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana lissafa mota a cikin na tarihi idan ta kai shekara 30 da ƙerawa. A Ingila kuwa motar da ta haura shekara 40 an ɗauke mata harajin hanya na shekara-shekara. In aka bi wannan ma'auni, to, ƙasar nan tana da nata rabon. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, a shekarar ce kuma kamfanin Volkswagen ya buɗe tasa masana'antar a Legas. Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta ci lambar gwarzuwar motar Turai a 1969, ta zama motar aikin hukuma a nan ƙasar tun daga ƙarshen shekarun 1970, aka kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa. Ita da 404, da ƙaramar Volkswagen mai inji a baya, da tsofaffin Marsandi, su ne yanzu wasu ke fitarwa daga gindin bishiya suna kashe musu kuɗi.

DALILIN DA YA SA TSOHUWA TA FI WUYA

Fentin mota ya yi ta canzawa cikin shekaru ɗari da suka wuce. A farkon zamanin mota da buroshi ake shafa shi, kuma bushewarsa takan ci makonni. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford baƙin fenti kaɗai yake yi wa motarsa samfurin T. A 1924 ne kamfanin General Motors ya fitar da motar Oakland da wani sabon fenti na kamfanin DuPont mai suna Duco, wanda ake fesawa ya bushe cikin sa'o'i, shi ne asalin fentin selulos. Bayansa aka sami fentin enamel, aka sami na akirilik, har zuwa shekarun 1980 lokacin da aka koma ga tsarin hawa biyu, watau launi a ƙasa, sa'an nan wani fenti garai-garai marar launi a sama domin ƙyalli da kariya. Fentin da aka fi amfani da shi a gareji a yau shi ne mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa sinadarin taurarawa kafin a fesa.

To, motar da ta shekara arba'in tana yawo da wuya a ce ba a taɓa yi mata fenti sau biyu ko uku ba, kowanne da irin kayan zamaninsa, kowanne kuma da irin hannun da ya yi shi. A ƙarƙashin launin da ido ke gani akwai tsohon fenti, da tsohuwar fila, da tabon walda, da tsatsar da aka rufe tun shekaru ashirin. Sabon fenti a kan wannan tarkace kamar sabon yaɓe ne a kan bangon da gara ta ci.

Bugu da ƙari, a masana'anta ana tsoma gangar jikin mota tsirara a cikin kwatarniyar fentin ƙasa, sa'an nan a gasa fentin a zafin da ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Selsiyos. Ba a iya yi wa motar da aka riga aka harhaɗa haka, domin roba da wayoyi da kujeru za su lalace. Ɗakin gashin gareji, a inda ake da shi ke nan, wajen digiri 60 yake tsayawa. Da yawa daga cikin masu fenti ma ba su da ɗakin, a rumfa suke aiki, rana da iska su ne na'urar busarwarsu. Ke nan fentin gareji yana ɗaukar makonni kafin ya gama zama, kuma a cikin waɗannan makonni ne yawancin asiri yake tonuwa.

AIBIN DA YA TSAYA A FATA

Akwai aibubbukan da ake gani tun ranar farko, waɗanda suke ɓata wa mai mota rai amma ba su da haɗari. Na farko shi ne wanda masu sana'ar ke kamantawa da ɓawon lemo, watau fenti ya fito da gargada-gargada maimakon ya kwanta sumul. Yakan faru idan fentin ya yi kauri ba a tsinka shi sosai ba, ko ƙarfin iska ya yi ƙasa, ko an riƙe bindigar feshi nesa da jikin mota, ko kuwa an yi amfani da tina mai saurin bushewa a lokacin bazara, fentin ya daskare kafin ya bazu. Ya kamata a sani cewa ko sabuwar mota daga masana'anta tana da ɗan wannan gargada, sai dai in ya yi yawa har hoton abu yana karkacewa a jikin mota ne ya zama laifi.

Na biyu shi ne zuba, inda fenti ke gangarowa kamar hawaye a jikin ƙofa ko gefen mota, saboda an labta shi da yawa a wuri guda, ko an matso da bindiga kusa, ko an yi aikin da sanyin safiya. Na uku shi ne ƙura da tsaki da ke maƙalewa a cikin fenti tun yana ɗanye. Wannan kam a ƙasarmu ba baƙo ba ne, musamman daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da hunturu ke busowa da hazo. Mai fentin da ya san aikinsa yakan yayyafa ruwa a ƙasan rumfa, ya rufe ta ruf, ko ya ɗage feshi zuwa ranar da iska ta kwanta.

Na huɗu kishiyar wannan ne, domin shi ɗan damina ne. Idan laima ta yi yawa a iska aka fesa fenti mai saurin bushewa, musamman na selulos, tina tana tashi tana sanyaya fuskar fentin, sai raɓa ta sauka a kai, fentin ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara.

Maganin waɗannan duka kusan ɗaya ne. A bar fenti ya taurara, sa'an nan a goge shi da samfefa mai laushi ƙwarai, lamba 1500 zuwa 2000 ko 3000, ana yi ana zuba ruwa, daga baya a bi da injin goge har ƙyalli ya dawo. Amma akwai iyaka. Fentin sama marar launi kaurinsa bai fi maikiron 40 zuwa 50 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, watau bai kai kaurin gashin kai ba. Kowace guga tana rage shi, kuma shi ne ke tare zafin rana. Wanda ya matsa wa mai fenti ya yi ta guga har mota ta zama madubi, zai iya tarar da launi ya fara ƙonewa bayan shekara biyu. A gefen ƙofa da kan kusurwoyi, inda fenti ya fi sirantaka, sakan kaɗan ya isa inji ya huda shi.

AIBIN DA YA KAI GA ƘASHI

Sauran aibubbukan daga ƙasa suke tasowa, kuma guga ba ta yi musu komai. Akwai wanda ake kira idon kifi, ƙananan ramuka masu zagaye inda fenti ya guje wa wani ɗigo na maiƙo. Tushensa shi ne man inji, ko hayaƙin gas, ko sinadarin silikon da ke cikin man goge mota da man ƙyalla taya, ko kuwa mai da ke biyo iska daga tsohon injin iska. Dole a kankare fentin wannan ɓangare, a wanke maiƙon, a sake fesawa.

Akwai kuma ƙananan huji kamar tsinin allura. Su kuwa alamar gaggawa ce. Idan aka fesa hawa na biyu kafin tinar hawa na farko ta gama tashi, ko aka tura mota cikin rana tsaka tun fenti bai sha iska ba, sai fuska ta rufe alhali tina tana ciki, ta yi ta neman hanya har ta fasa ta fita. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Wanda ya fi yawan jawo rigima tsakanin mai mota da mai fenti shi ne nutsewa. Fila da fentin ƙasa suna tsukewa yayin da suke bushewa. In aka goge su aka rufe da launi tun ba su gama tsukewa ba, mota za ta fito sumul, amma bayan makonni sai fenti ya bi su ya nutse, iyakar wurin da aka cike ta fito kamar taswira, sawun samfefa mai kaushi kuma ya bayyana kamar zanen ƙaya. Idan nutsewar kaɗan ce, akan jira ta gama sa'an nan a goge. In ta yi zurfi, sai an sake ɓangaren.

Sai kuma yamutsewa da tsagewa. Tinar sabon fenti tana da ƙarfi, takan ratsa ta jiƙa tsohon fentin da ke ƙasa, musamman enamel ɗin da ya bushe da iska, ya kumbura ya tattare kamar fatar tsoho, ko ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Gwajin da ke hana wannan bai fi minti biyar ba: a jiƙa tsumma da tina a ɗora a wani ɓoyayyen wuri na tsohon fenti, in ya narke ko ya yamutse, an san ba za a fesa a kansa kai tsaye ba, sai an kankare ko an sa shamaki a tsakani. Mai fentin da bai yi wannan gwaji ba, ba shi da bakin magana in aiki ya ɓaci.

Ɓarewa kuwa, inda fenti ke tashi kamar ɓawon albasa, takan fara ne daga bakin robar gilashi, da gindin mariƙin ƙofa, da kewayen fitilu, watau wuraren da aka liƙa takarda aka zagaye maimakon a cire kayan, samfefa ba ta kai can ba, fenti bai sami abin kamawa ba.

ƘURAJE DA TSATSA

Aibi biyu ne suka fi kowanne muni, kuma su ne suka fi jinkirin fitowa. Na farko ƙananan ƙuraje ne kamar na zafi, da yawa a wuri guda, galibi a kan rufi da bonet da murfin but. Ruwa ne da aka rufe a ƙarƙashin fenti. Yakan shiga ta hanyar iskar feshi idan ba a tsiyaye tankin injin iska kullum ba kuma babu matatar ruwa a jikin tiyo. Yakan shiga idan aka goge fila da ruwa, domin fila tana shan ruwa kamar soso. Yakan shiga idan aka bar mota da fentin ƙasa kaɗai ta kwana a waje tana shan raɓa na makonni. Ko gumin tafin hannu da aka dafa ƙarfe da shi yana barin gishiri, gishiri kuma yana jawo laima ta cikin fenti. Irin waɗannan ƙuraje sukan jira damina kafin su fito, wani lokaci su lafa da rani har mutum ya ɗauka sun warke, su dawo da saukar ruwan farko. Ba su da magani illa a kankare har ƙasan inda ruwan yake.

Na biyu shi ne tsatsa. Ita kumburinta ya fi girma, kuma tana da wuraren da ta fi so: ƙasan ƙofofi, da bakin rumbun taya, da kewayen gilashin gaba da na baya, da dokin ƙofa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma nesa ba kusa ba, don haka tana tasowa tana ture duk abin da aka ɗora mata. Idan kumburi ya fito a irin waɗannan wurare cikin shekarar farko, to, kusan babu shakka an rufe tsatsa ne da fila ba a yanke ta ba, ko kuwa tana cin ƙarfen daga ciki inda ba a duba ba. Gyaran gaskiya ɗaya ne, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, a yi waldar sabo, a shafa maganin tsatsa ciki da waje. Duk wanda ya ce zai danne ta da ƙarin fila, ranar dawowarta kawai yake ɗagawa.

YADDA AKE DUBA MOTA

Kuskuren da aka fi yi shi ne karɓar mota da magariba, ko a cikin rumfa, ko tana jiƙe an gama wanke ta yanzu-yanzu, domin ruwa yana ɓoye kusan kowane aibi. A karɓi mota a bushe, da hasken rana, a tsuguna a dubi gefenta daga gaba zuwa baya ta yadda haske zai kwanta a jiki, nan ne lotsawa da gargada ke fitowa. A buɗe ƙofofi da bonet da but a dubi bakinsu. A duba ko feshi ya taɓa roba da gilashi da taya. A gwada launin ƙofa da na ɓangaren da ke kusa da ita a rana, a sake gwadawa a ƙarƙashin fitila da dare, domin akwai launuka biyu da kan yi daidai a wani haske su saɓa a wani.

Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a tsumma yana da amfani ƙwarai. In ya kama jikin mota ko'ina amma ya saki a wani wuri, akwai fila mai kauri a nan. Akwai kuma 'yar na'urar auna kaurin fenti. Fentin masana'anta yakan tsaya tsakanin maikiron 100 da 180, wanda aka sake fesawa yakan ninka haka, inda kuwa na'ura ta nuna sama da 1,000, fila ce. Ba laifi ba ne a sami fila a tsohuwar mota, amma aikinta shi ne ta daidaita 'yar gargadar da ta rage bayan an buga ƙarfe ya miƙe, ba ta maye gurbin ƙarfen ba.

IDAN AIBI YA RIGA YA FITO

Abu na farko, kada mai mota ya taɓa wurin. Kada ya fasa ƙurji da farce, kada ya sa yaro ya goge, kada kuma ya kai wa wani mai fenti ya gyara. Da zarar wani hannu ya shiga, wanda ya yi aikin farko ya sami mafaka. A ɗauki hoto da waya, na kusa da na nesa, a rubuta ranar da aka fara gani, a sake ɗauka bayan mako guda domin a ga ko yana yaɗuwa.

Na biyu, a koma wa mai aikin da wuri, kuma cikin mutunci. A kai masa motar ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Yawancin masu sana'a na ƙwarai sun fi mai mota jin zafin aikin da ya ɓaci, domin motar tana yawo da sunansu a gari. Adalci ne a ba shi damar gyarawa. Amma kafin a bar masa mota, a daidaita a kan abubuwa huɗu, a kuma rubuta su ko da a saƙon waya ne: mene ne ya jawo aibin, yaya za a gyara, wa zai biya kuɗin kaya, kuma yaushe za a gama. Idan aibin na ƙasa ne aka ce za a goge kawai, kada a yarda. Idan kuma za a sake ƙofa ɗaya, a tambaya yadda za a yi launinta ya saje da maƙwabtanta, musamman fenti mai ƙyalƙyalin ƙarfe, wanda kwanciyar ƙwayoyinsa kan canza da canjin hannu.

Na uku, in an yi musu a kan dalili, a nemi wani gogaggen mai fenti wanda ba shi da alaƙa da kowa ya duba a gaban ɓangarorin biyu. Sau da yawa kankare wuri ɗan ƙarami kamar kwabo ya isa ya raba gardama, domin zai nuna hawa-hawan da ke ƙasa da kuma inda matsalar ta fara. Galibin garejoji suna ƙarƙashin ƙungiyar masu gyaran motoci ta ƙasa, NATA, kuma shugabannin rassanta sun saba sasanta irin wannan rigima ba tare da an kai ga hukuma ba.

ABIN DA DOKA TA TANADA

In sulhu ya faskara, doka tana nan. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019, ta ba duk wanda ya biya kuɗin aiki haƙƙin a yi masa shi a kan lokaci, kuma da ingancin da mai hankali zai sa ran samu. Idan aka gaza, yana da ikon ya nemi a gyara aibin, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa gwargwadon gazawar. Hukumar FCCPC ce ke karɓar irin waɗannan koke-koke. Har ila yau wasu jihohi sun kafa kotunan ƙananan ƙararrakin neman kuɗi, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba, Legas ta fara a 2018, Kano ta bi sahu a 2019. Ingila ma tana da makamanciyar wannan doka ta 2015, wadda ta wajabta wa mai aiki ya yi shi da kulawa da ƙwarewa, in ya gaza ya sake ko ya rage farashi.

Sai dai kowace hukuma hujja za ta nema, a nan kuwa ne mutanenmu suka fi faɗuwa. An ba da kafin alƙalami hannu da hannu, babu rasit, babu shaida, ba a rubuta ko an yi ciniki a kan kankarewa har ƙarfe ba ne ko a kan wanke fuska kawai. Wanda ya shiga kotu da baki kaɗai, da wuya ya fito da wani abu.

MAI MOTA MA YANA DA NASA

Ba kullum ne laifi ke wuyan mai fenti ba. Wanda aka gaya wa cewa motarsa tana bukatar kankarewa da walda, ya ce shi dai a fesa masa launi saboda sallah ta gabato, ya sayi abin da ya samu, araha ba ta ado. Haka wanda ya sayo fenti da tina da sinadarin taurarawa daga kamfanoni dabam-dabam domin ya rage kuɗi, ya miƙa wa mai aiki ya ce ya haɗa.

Bayan karɓar mota ma akwai kiyayewa. Masu yin fenti sukan ba da shawarar kada a shafa kakin goge mota sai bayan wata ɗaya zuwa uku, domin sauran tina ta gama fita. Kada a lulluɓe sabon fenti da leda ko tamfol marar numfashi, musamman da damina, domin yana tara gumi ya haifar da ƙurajen da aka ambata. Kada a share ƙurar hunturu da busasshen tsumma, ƙurar nan yashi ce, a zuba ruwa tukuna. Kashin tsuntsu da ƙaron bishiya da fetur a wanke su nan take, suna cin ɗanyen fenti cikin sa'o'i.

Akwai kuma haƙƙin mai aikin kansa, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Sinadarin taurarawa na fenti mai haɗi biyu yana ɗauke da wani abu da ake kira aisosayanet, wanda shaƙarsa ke haddasa cutar asma mai zama har ƙarshen rayuwa, kuma tsumma ko takunkumin takarda ba ya tare shi. Tsohon fenti da dalmar da ake cike mahaɗar ƙarfe da ita a motocin da, ƙurarsu guba ce. Idan aka tilasta sake aiki sau biyu saboda gaggawar mai mota, yaran gareji ne suke biya da huhunsu.

TUN RAN GINI

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a toshe ƙofar rigima tun kafin a miƙa makulli. A nemi ganin motar da mai fentin ya yi shekara biyu da suka wuce, ba wadda ya gama jiya ba. A rubuta yarjejeniya: har ina za a kankare, wane irin fenti za a sa da lambar launinsa, za a cire gilashi da robobi ko za a zagaye su, wane garanti aka bayar kuma na tsawon wane lokaci. A riƙa leƙawa ana ɗaukar hoto a kowane mataki, musamman ranar da ƙarfe yake tsirara da ranar da aka gama fila, domin abin da aka rufe a waɗannan ranaku shi ne zai yi magana daga baya. A biya kuɗi kashi-kashi, a bar wani abu a hannu sai an duba mota da rana. A karɓi ragowar fentin a gwangwani domin gaba.

Daga ƙarshe, ya kamata mai tsohuwar mota ya tambayi kansa ko ma tana bukatar sabon fenti. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas da hujin harsasai a jikinta, kuma darajarta tana cikin barin ta yadda take. Ƙa'idojin da FIVA ta fitar a 2013, waɗanda ake kira Yarjejeniyar Turin, su ma sun fifita adana abin da mota ta zo da shi a kan sauya shi ba dalili. Fentin asali da ya dushe amma bai tsage ba, sau da yawa wanki da guga mai sauƙi sun ishe shi, kuma sau ɗaya tak mota take samun irinsa. Wadda tsatsa ta kama kuwa ba ta jira, sai a kai ta wurin wanda zai faɗi gaskiyar abin da ya tarar a ƙasa, a ba shi lokacin da aikin ke bukata, a kuma rubuta abin da aka yi alkawari.